Wasiƙa Daga Amurka: Bindigar da Ta Dace da Mai Son Koyon Harbin Saiti da Kuɗi Kaɗan

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Tambaya ɗaya ce ke yawan zuwa mana, musamman daga masu shirin tahowa karatu ko aiki, da kuma matasan da suka kalli gasar harbi ta Olamfik abin ya burge su: wace bindiga ya kamata mai koyon harbin saiti ya fara da ita idan aljihunsa bai da nauyi? Amsarmu ita ce ya fara zaɓen harsashi kafin ya zaɓi bindiga. Harsashin kuwa shi ne ƙaramin nan da ake kira .22 LR, a bindiga mai sakata, wato wadda ake ɗura wa harsashi da hannu bayan kowane harbi, sauran kuɗin kuma ya zuba su a madubin hangen nesa da ake ɗora wa bindiga da kuma atisaye.

Doka tukuna, domin wannan ba wurin ganganci ba ne. A nan Amurka, mai takardar zama ta dindindin yana iya saye a kantin da ke da lasisi: zai cike fom mai lamba 4473, a binciki tarihinsa ta tsarin NICS na hukumar FBI. Dokar tarayya ta sa shekara 18 ga doguwar bindiga, wasu jihohi irin su Fulorida da Kalifoniya sun ɗaga zuwa 21. Mai bizar karatu ko ta ziyara kuwa an hana shi riƙe bindiga ko harsashi, sai in ya cika wani sharaɗi na musamman, kamar samun lasisin farauta na wata jiha. Sayen bindiga da sunanka domin wani, ko cusa ta a kwantena zuwa gida, laifi ne da ke kai mutum kurkuku shekaru. A Najeriya ma Dokar Bindigogi ta 1959 ta wajabta lasisi, har da na bindiga mai iska. Mun san halin da bindiga ta jefa garuruwanmu, shi ya sa duk abin da za mu faɗa a nan ya tsaya ga wasa a filin harbi mai rajista, ana harbin takarda.

To me ya sa harsashi ke gaba? Bindiga sau ɗaya ake sayenta, harsashi kuwa kullum ne. Mai son hannunsa ya faɗa yana bukatar harbi kamar 100 a mako, wato wajen 5,000 a shekara. Harsashin .22 LR mai kyau na atisaye yana kamawa wajen senti 10 kowane ɗaya, ka ga dala 500 ke nan. Babban harsashin gasa na 6.5 Creedmoor, wanda ake ta zuzutawa, yakan kai dala 2 guda ɗaya, wato dala 10,000. Ba a nan ta tsaya ba: zafin albarushinsa yana cinye maƙogwaron bututu bayan harbi 2,000 zuwa 3,000, sai an sake sabo. Bututun .22 LR yana ɗaukar harbi dubun-dubata bai gaza ba. Da yawa sun sayi babbar bindiga don sha'awa, ta koma kwanciya a akwati saboda ciyar da ita ya gagara.

Akwai kuma maganar naushi. Babbar bindiga tana tokarin kafaɗa, ga ƙara, sai jikin sabon shiga ya koyi zabura kafin harsashi ya fita: ya runtse ido, ya fizgi kunama. Wannan ɗabi'a in ta kama mutum, fitarta sai an sha wuya. Ƙaramin harsashi ba ya naushi, don haka kana ganin inda ya sauka ta cikin madubi, ka kuma gane kuskurenka nan take. Kada ƙanƙantarsa ta sa a raina shi. Tun 1887 kamfanin Stevens ya fito da shi, kuma har yau da shi ake gasar mita 50 ta Olamfik, inda da'irar maki goma faɗinta milimita 10.4 ne kacal. Iska mai gudun mil 10 a awa tana ture shi wajen inci 4 zuwa 5 a yadi 100, saboda haka babu malamin karatun iska da ya fi shi araha.

Bindigogin da muka yarda da su ba su da yawa. Mafi sauƙin kuɗi ita ce Savage Mark II, musamman mai kaurin bututu. Ƙotarta ta roba ba ta da kyan gani, amma tana harbi daidai, kuma ana iya sassauta nauyin kunamarta. In aljihu zai iya ninka kuɗinta, CZ 457 ta ƙasar Cak ko Tikka T1x ta Finlan sun fi ta ƙarko da santsin sakata, ba kuma za ka yi saurin wuce matsayinsu ba. Ruger 10/22, wadda take kasuwa tun 1964, ta fi kowace farin jini, tana ɗura kanta da kanta, gidan harsashinta na cin goma. Duk da haka ba ita muke ba mai koyo shawara ba. Ɗakin harsashinta, wato inda harsashi ke zama a gindin bututu, a sake yake don kada ta riƙa cijewa, kunamarta daga kamfani tana da tauri, sannan saurinta yana sa mutum ɓarin harsashi ba tare da ya yi tunani ba. Sakata tana tilasta maka ka dakata bayan kowane harbi.

In ta hannu za ka saya, duba wuri uku. Leɓen bakin bututu, inda harsashi ke rabuwa da ƙarfe: ko ɗan tsaguwa kaɗan ne a wurin, iskar albarushi za ta fita ta gefe guda ta karkatar da harsashi. Sai bakin ɗakin harsashi ta baya. Shi .22 LR a gefen gindinsa allura ke dukansa, don haka idan mai ita ya saba danna kunama babu harsashi, a wasu bindigogin allurar tana dukan ƙarfen ɗakin ta lotsa shi, daga nan kwanso ya riƙa maƙalewa. Na uku, zura takardar kuɗi tsakanin bututu da ƙota ka ja ta baya. A bindigar da aka ƙera bututunta ya tsaya a sarari, takardar za ta wuce sumul. In ta tsaya a hanya, ƙota na taɓa bututu, kuma wurin saukar harbi zai riƙa yawo duk sanda ka canza yadda ka ɗora ta.

Yanzu ga inda aka fi tafka asara, wato zaɓen irin harsashin. Sauti yana gudun kusan ƙafa 1,125 a sakan. Harsashi mai arha da ake sayarwa a bokiti yana fita da gudun ƙafa 1,200 zuwa sama, ya fi sauti sauri, amma kafin ya yi nisa gudunsa ya faɗo ya ratsa iyakar sautin, a nan yake ɗan girgiza, iska kuma ta fi ture shi. Harsashin saiti ana yin sa ne ya tashi ƙasa da gudun sauti tun daga baki. CCI Standard Velocity, mai nauyin giren 40, wato gram 2.6, yana fita da ƙafa 1,070, kuma da shi muke cewa a fara. Sama da shi akwai SK, sai Lapua Center-X, sai Eley Tenex na manyan gasa, wanda sayensa ga mai koyo almubazzaranci ne.

Kowane bututu da abincin da yake so, ko da kamfani ɗaya ya ƙera su rana ɗaya. Hanyar ganewa ita ce ka sayi fakiti biyu-biyu, mai 50 kowanne, na iri huɗu ko biyar. Ka zaɓi safiya da babu iska, ka ɗora bindiga kan jakar yashi gaba da baya, a yadi 50. Duk sanda ka canza iri, ka fara zubar da harbi 10 zuwa 15 a gefe, saboda kowane kamfani da irin maiƙon da yake shafa wa dalmarsa, sai sabon maiƙon ya shimfiɗu a bututu kafin harbi ya daidaita. Sannan ka yi gungu biyar, harbi biyar-biyar, ka auna tazarar ramuka biyu mafi nisa a kowane gungu, daga tsakiya zuwa tsakiya, ka fitar da matsakaici. Gungu ɗaya na harbi uku da ya yi kyau sa'a ce, ba hujja ba. Bindiga mai araha da ke tara harbi biyar cikin rabin inci zuwa kashi uku cikin huɗu na inci a yadi 50 ta biya kuɗinta. In ka samu wanda ya dace, duba lambar rukunin da aka buga a jikin fakitin, ka sayi kwali mai 500 ko fiye na wannan lambar dai, domin rukuni na gaba yana iya bambanta.

Madubi kuwa, kada ka ji ƙyashin kashe masa kwatankwacin kuɗin bindigar. Mai girmamawa sau 4 zuwa 12 ya wadatar, amma lalle ya zama yana da mazarin daidaita nisa da ke saukowa har yadi 25. Dalili shi ne yawancin madubin manyan bindigogi an saita su ne a yadi 100 ko fiye. In ka leƙa da irinsu a yadi 50 ka ɗan motsa kanka, za ka ga giciyen da ke cikin madubin yana yawo a kan takarda alhali bindiga ba ta motsa ba, kuma wannan yawon kai tsaye yake shiga gungunka. Wajen ɗaurawa, bar tazarar inci 3 zuwa 4 tsakanin ido da gilashi, ka tabbatar giciyen bai karkace ba, ka ɗaure notocin zoben da ke riƙe madubin kaɗan-kaɗan kana tsallakawa daga kusurwa zuwa kusurwa. Yawancin kamfanoni suna cewa ƙarfin ɗaurin ya zama inci-fam 15 zuwa 18. Sukundireba mai awon ƙarfi ba ta da tsada, kuma ɗauri da ƙarfin tuwo yana matse bututun madubin har mazaransa su daina aiki.

Saitawa lissafi ne mai sauƙi. Fara a yadi 25 don harbi ya hau takarda, sannan ka koma 50. A madubin da aka rubuta 1/4 MOA, ƙas ɗaya na mazari yana matsar da harbi rubu'in inci a yadi 100, wato kashi ɗaya cikin takwas na inci a yadi 50. Idan tsakiyar gungunka ta sauka inci ɗaya hagu, ƙas takwas za ka murɗa zuwa dama. Tsakiyar gungu ake bi, ba ramin ƙarshe ba. Daga saitin yadi 50, harsashin zai faɗi wajen inci 7 zuwa 8 a yadi 100. Ka auna naka ka rubuta a littafi tare da yanayin ranar.

Idan bindigar da ke harbi daidai ta fara watsawa, kada ka yi saurin zargin bututu. Fara da notocin zobe da na ƙota, su ne suka fi kwancewa. Gungu mai tsawo sama da ƙasa yawanci numfashi ne, ko bambancin gudun harsashi, ko matsin kafaɗa da ke canzawa. Mai faɗi hagu da dama iska ce ko fizgar kunama. In duk waɗannan lafiya, to wataƙila zoben baƙin toka ya taru gaban ɗakin harsashi, alamarsa sakata ta fara tauri wajen rufewa, harbin farko kuma ya riƙa kaucewa. A jiƙa wurin da ruwan wanke toka, a goge da burushi, kullum daga baya ake zura sandar wanki, ba ta baki ba. Harsashin da ka danna bai tashi ba, riƙe bakin bindiga yana kallon fili, ka ƙirga sakan 30 kafin ka buɗe. Wanda ya yi ƙara marar ƙarfi kuwa, tsaya cak, cire sakata ka leƙa bututu daga baya, domin dalmar tana iya maƙalewa a ciki, harbi na biyu a kanta yana kumbura bututu. Toshe kunne da sa tabarau dole ne, ƙarar .22 LR ma tana kaiwa wajen desibel 140. A jikin fakitinsa an yi gargaɗin cewa yana da haɗari har mil ɗaya da rabi. A wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci saboda dalma. Mutanen Zamfara sun ga abin da gubarta ta yi wa yara a 2010, bai kamata wani ya kai ƙurarta gida a jikin tufafinsa ba.

Wanda ya ƙware har yana son wuce yadi 200, matakin gaba shi ne .223 Remington: naushinsa kaɗan, kuɗinsa da sauƙi, yana aiki har yadi 600. Abin dubawa shi ne murɗin da ke cikin bututu. Mai 1:12, wato juyi ɗaya a inci 12, harsashi mai giren 55 yake iya tsayarwa. Ka sa masa dogo mai giren 77, zai isa takarda a kaikaice. Nemi 1:8, shi ke ɗaukar giren 69 da 77 na gasa. Kada kuma a sa harsashin soja na 5.56 NATO a bututun da aka rubuta .223 Remington kaɗai, kamanninsu ɗaya amma matsin zai iya haura ƙima. Sai filin da kake zuwa ya kai yadi 800 ko 1,000 sannan maganar .308 Winchester ko 6.5 Creedmoor ta taso. Na farkon bututunsa ya fi daɗewa, na biyun iska ba ta ture shi sosai, naushinsa kuma ya fi sauƙi. Ruger American, Savage Axis da Howa 1500 duk bindigogi ne da ake ƙera su don waɗannan harsasai a farashi mai dama.

Ga matasan gida masu burin gasa, ƙofar da ta fi kusa ita ce bindiga mai iska ta mita 10, mai ƙwayar milimita 4.5. Ita ma wasan Olamfik ce, ɗigon maki gomanta rabin milimita ne, kuma tsayuwa da numfashi da dannan kunama da ake koya a kanta su ne dai ake bukata a mita 50. A nemi hukumar wasanni ta jiha ko Tarayyar Wasan Harbi ta Najeriya a ji inda ake horo da kayan ƙungiya, kafin a yi maganar sayen komai.

Wassalam,
'Yan'uwanku masu wasan harbin saiti a Amurka