Abin da Karatun Magunguna Ya Koya Mini Kan Tsirrai da Sankarar Bakin Mahaifa

Karatun harhaɗa magunguna a Legas ya sa na ƙara girmama tsirrai, domin wasu daga cikin magungunan da ake yi wa masu sankarar bakin mahaifa amfani da su asalinsu itatuwa ne. An samo paclitaxel daga ɓawon wata bishiya ta arewa maso yammacin Amurka, kuma aikinsa shi ne hana ƙwayoyin sankara rabuwa. Topotecan kuwa an ƙera shi ne daga sinadarin wata bishiyar ƙasar Sin. Sai dai an bayyana siffar paclitaxel tun 1971, amma bai sami izinin shiga asibiti ba sai 1992, bayan dogon aikin tacewa da auna adadin da jikin ɗan Adam zai iya ɗauka.

Wannan tazarar ita ce babban darasina. A ɗakin gwaji, sinadarin da ke cikin kurkum yana kashe ƙwayoyin HeLa, waɗanda aka ɗebo daga sankarar bakin mahaifar wata Ba'amurkiya a 1951. Amma hanji ba ya tsotsar wannan sinadari sai ɗan kaɗan, hanta kuma tana saurin sarrafa shi, saboda haka adadin da ya yi aiki a farantin gwaji ba ya isa mahaifa ta hanyar shan jiƙo. Masu bincike na neman sinadaran da za su toshe E6 da E7, sunadaran da HPV, ƙwayar cutar da ke haddasa sankarar bakin mahaifa, ke amfani da su wajen kashe garkuwar ƙwayar halitta, kuma aiki ne mai kyau, amma akasarinsa bai wuce faranti da ɓeraye ba.

Abin da ke damuna shi ne matan unguwanninmu, a Agege da Idi-Araba, waɗanda ke ganin jini bayan saduwa ko bayan ɗaukewar al'ada, su ɗauka ciwon sanyi ne, su shafe watanni suna shan saiwoyi. Idan wata ta tambaye ni nakan ce mata, "Hajiya, a fara zuwa asibiti a duba tukuna," kuma in tuna mata cewa tun Oktoban 2023 ake yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin HPV kyauta, wadda ke kare su daga nau'i na 16 da na 18, masu haddasa kusan kashi 70 cikin 100 na wannan sankara.