Shekara biyu na yi ina godiya ga wanda ya ce bai damu da tabona ba

Ina da tabon ƙuna daga ƙasan kunnena na hagu har zuwa wuya. Man gyaɗa ne ya zubo mini ina 'yar shekara shida, ranar da ake suyar ƙosai a gidanmu. Da shi na girma, da shi na shiga jami'a, kuma a can na kamu da son littattafan soyayya na mutanen Amish, da nake saye wurin masu tsofaffin littattafai a bakin titi.

Amish Kiristoci ne da suka ɓalle daga 'yan'uwansu Menonayit a 1693, a ƙarƙashin Jakob Ammann, daga baya suka yi ƙaura daga Turai zuwa Amurka. Yau suna da yawa a Fensilbaniya, Ohayo da Indiyana. Mafi yawansu ba sa jawo wutar lantarki gida, keken doki suke hawa, karatun boko kuma a aji takwas yake tsayawa, abin da Kotun Ƙolin Amurka ta amince musu da shi a 1972. Matansu na rufe kai, ba kwalliya, ba zobe, ba ɗaukar hoto. Wannan ne ya ja ni. Na ce ga duniyar da fuska ba ta da kasuwa.

Labaran da na karanta kusan hanya ɗaya suke bi. Yarinya mai ɗingishi, ko mai in'ina, ko wadda ta wuce sa'o'inta ba ta yi aure ba, tana ganin kanta ba a bakin komai ba. Sai wani saurayi mai haƙuri ya ɗauko ta a keken dokinsa bayan taron waƙoƙin daren Lahadi, ya ce mata yadda Allah ya yi ta haka yake son ta. Daga nan ta warke. Na sha kuka a irin wannan shafi, kuma ban lura da abin da yake koya mini ba: cewa darajata tana bakin wani namiji, nawa shi ne in jira ya furta.

Ya kuwa zo. Rannan muna zance ya ce, "Ni ban damu da tabonki ba." Ƙannena, wannan magana ba yabo ba ce, bashi ne. Shekara biyu ina biya. In ya yi alkawari ya saɓa, ni ke ba da haƙuri. In za mu gaida abokansa sai ya ce in gyara mayafina, na kuma san gefen da yake nufi. Na sayi hoda mai kauri da kuɗin littattafaina, ina shafawa har wuyan rigata ya ɓaci. Duk sanda raina ya sosu sai in ce wa kaina, wa zai karɓe ki in ba shi ba? Ranar da muka rabu ma da tabon ya yi mini gori.

Daga baya na gano cewa yawancin masu rubuta waɗannan littattafai ba Amish ba ne, matan Amurka ne na wasu ɗarikun Kirista, suna rubuta wa masu karatu irinsu. Su Amish ɗin abin da suke koya wa 'ya'yansu shi ne tawali'u da miƙa wuya ga Allah da jama'a, suna gudun girman kai kamar wuta. Aurensu kuma ba abu ne na dare ɗaya ba. Sai an yi wa saurayi da budurwa baftisma, galibi suna ɓoye nemansu har a sanar a coci makonni kaɗan kafin biki, kuma babu saki. Wanda ya karya alkawarin baftisma ana iya ƙaurace masa, har danginsa su daina cin abinci da shi a teburi ɗaya. Rayuwa ce mai nauyi, littafi ya ɗebo mai daɗin ya bar sauran.

Ban ce ku daina karantawa ba. Har yau ina karanta su, kamar yadda nake karanta namu na Kano, ina kuma son tsabtarsu. Amma in kin zo shafin da jarumar ta warke saboda maganar saurayi, ki ajiye littafin ki tambayi kanki wa kike jira. In wani ya ce yana son ki duk da kaza, ki saurari wannan "duk da" da kyau, ki ga ko zai dawo da ita ranar faɗa. Ku ma samari, na san akwai mai gajarta ko mai in'ina da ke haɗiye wulaƙanci don an kula shi.

Bayan rabuwarmu na je hutu wurin Gwaggo. Ta tarar da ni gaban madubi da hodar a hannu, ta karɓe ta ajiye kan taga. Ta jiƙa tsumma ta goge mini wuya a hankali, ta ce, "'Yar nan, ni na yi jinyar wurin nan wata uku, ina roƙon Allah ya bar mana ke. Kada ki ƙara ɓoye mini shi." Da yamma muka fita kasuwa sayen kayan miya, mayafina a kafaɗa.