Ranar da tukunyar yaron nan ta tsage

Ƙannena masu shirin shiga aji da alli a hannu, musamman ku da za a tura makarantun ƙauye, bari in ba ku labarin kwaɓar da na yi, don har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Na gama NCE a kwalejin ilimi ta Gumel, da aka ɗebi rukunin farko na N-Power, shirin gwamnati na ba matasa aiki, a 2016 aka tura ni wata firamare a wani ƙauye wajen Maigatari, dubu talatin a wata. Aji huɗu aka ba ni, kimiyya da darasin zane da aikin hannu. Na zo da ɗoki na, na ce ni fa ba zan cika allo da rubutu yara su yi ta maimaitawa kamar aku ba, sai sun taɓa abu da hannunsu. Niyyar kam ba laifi.

Da zoɓo muka fara, tunda yankin namu ba a rasa shi. In ka jiƙa shi ka matsa lemon tsami sai jan ya ƙara haske, in kuma ruwan kanwa ko na toka ka zuba sai ya juye ya yi duhu ya nufi kore, gwaji ne da a lokacin ko naira ɗari ba zai ci maka ba. Na raba su takwas-takwas, kowane rukuni kofi ɗaya. Wallahi minti biyar ba a yi ba faɗa ya kaure, kowa shi zai zuba kanwar, wata ta ture wani, zoɓo ya kife a rigar makarantar wata yarinya ta hau kuka tana cewa innarta za ta dake ta. Na ɗauko tsumagiya na tsula wa biyu, na ƙwace kofunan, na tsaya gaban aji na yi gwajin ni kaɗai, suka tafa min. Na hau mashin ɗina na tafi gida ina ganin yau na yi darasi.

Sai daga baya na gane ashe darasin na kora da tsumagiya. Yara takwas da kofi ɗaya, dole ne su koyi jiran layi, su koyi cewa "ba ni in ka gama", wanda ya ɓarar ya koyi ba da haƙuri, wadda aka ɓata wa riga ta koyi faɗin abin da ke ranta ba da yaƙushi ba. Canjin launin zoɓo kuwa ko a kicin ɗin gidansu za su iya gani.

Amma wanda ya fi ci min rai shi ne na yumɓu. Na sa kowa ya gina 'yar tukunya, na ce a jera su a rana bayan aji su bushe da wuri, don ina so hedimasta ya zo ya gani kafin Juma'a. Akwai wani yaro shiru-shiru da ke zama can baya, karatunsa da ƙyar, amma tukunyarsa ta fi ta kowa kyau nesa ba kusa ba, har da zane a wuyanta. Ya tsaya yana ƙunƙuni ya ƙi kai tasa rana, na daka masa tsawa ya kai. Washegari kusan duk sun tsattsage, tasa ta rabe biyu. Ni kuma da haushin abin ya ƙi yi, na ɗaga ta sama na ce, ga ta gwanin namu nan. Aji ya fashe da dariya. Bai yi kuka ba, kansa kawai ya sunkuyar. Sati biyu bai zo makaranta ba.

Da na bi sahunsa gida sai na tarar ashe kakarsa ginin tukwane take yi. Ga su nan jere a inuwar rumfa an lulluɓe wasu da buhu. Na gaishe ta na ce, Iya me ya sa ba kya sa su a rana? Ta dube ni ta ce, "Malam, ai ɗanyar tukunya ba ta son gaggawa, in baya ya bushe ciki bai bushe ba tsagewa take." Ta nuna min yadda take daka fasasshiyar tukunya ta cuɗa a yumɓun don ya yi ƙarfi. Wato abin da yaron ke ƙunƙuni a kai kenan, ya fi ni sani, ni ko tambayarsa ban yi ba. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

To ga abin da nake roƙonku. In aikin yaro ya lalace, don Allah kar ka yi saurin gyara masa, kar kuma ka mai da shi abin dariya, durƙusa kusa da shi ka ce, me kake ganin ya jawo? Ka yi shiru ka jira amsa, shirun ne mai wuya. In za ka raba rukuni ka ba kowa aikinsa tun kafin a fara, wannan mai zubawa, wannan mai juyawa, wannan mai faɗa wa aji abin da aka gani, sati mai zuwa a sauya, kar kullum monita da 'yan gaban benci su kankane komai. In faɗa ya tashi kuma babu mai jin ciwo, ka ɗan ja baya tukunna ka ga ko za su sasanta.

Na gwada haka da muka shuka wake a gwangwanayen madara, wasu a taga wasu a cikin kwali mai duhu. Na kwalin ya zuƙe ya yi tsawo ya yi ɗorawa-ɗorawa don bai samu rana ba. Wani rukuni nasu ya mutu gaba ɗaya saboda mai ban ruwa ya manta kwana uku, suka taso masa za su cinye shi, na cije ban sa baki ba. Kafin a fita tara sun rubuta sunayensu a bayan kwali, kowa da ranar ban ruwansa.

Yaron nan dai ya dawo, bayan na ba shi haƙuri a gaban ajin da na kunyata shi, kuma shi ya jagorance mu muka sake ginin, a inuwa wannan karon. Amma har ya bar hannuna in na matso kusa da bencinsa sai ya sa hannu ya rufe abin da yake yi.