Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Kwanon Awon da Iya ta Riƙo a Mafarkina

A makon jiya na tsaya ne a inda na iso garinmu da la'asar sakaliya, na tarar an riga an kai Iya makwancinta, ban samu ko sallar jana'izarta ba. A daminar 2012 ne, shekarar da ambaliya ta cinye gonaki da gidaje a sassa da dama na Nijeriya, kuma ruwan da ya yanke hanyarmu shi ne ya tsare motar da na hau daga Kano tun da hantsi. Yau zan ba da labarin abin da ya biyo baya da kamar wata huɗu, lokacin da Iya ta fara zo mini cikin barci.

Iya ita ce ta haifi mahaifina, kuma a ɗakinta aka yaye ni. Ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai Maigida, kamar yadda kaka take tsokanar jikanta namiji, har in na shigo gidan takan tare ni da cewa maigidan da ba ya cefane ya dawo. Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, tun zamanin da ake jera dalar gyaɗa a Kano. Takan karɓo gyaɗar daga hannun matan gari, wani lokaci da kuɗi a hannu, wani lokaci bashi, ta soya, ta murje, ta kai niƙa, ta matse man, ta mulmula tunkuzar ta soya, sai ta sayar sannan ta biya mai kaya.

Cikin hunturu na fara ganinta, ina kwance a ɗakin da muke haya da wasu yaran shago biyu. Tana zaune a kan kujerarta ta tsugunno a gefen murhu, da tsohon zanen da take ɗaurawa in za ta yi suya, ta riƙe kwanon awo babu komai a cikinsa. Ba ta yi mini wasan da ta saba ba. Ta ƙwanƙwasa gindin kwanon da yatsa, ta ce, "Maigida, wannan ba nawa ba ne, ka mayar mata." Sau uku na yi mafarkin cikin mako biyu, kuma a na ukun ta miƙe ta nufi zaure, na bi bayanta taku biyu ko uku ina tambayar wa zan mayar wa, sai kiran assalatu ya tashe ni.

Kuskuren da na yi shi ne, gari na wayewa na kwashe labarin na zube shi a bakin shago. Nan take kowa ya zama mai fassara. Wani ya ce Iya tana jin yunwa ne, in sayi waina ranar Juma'a in raba wa almajirai, na kuwa saya na raba, kuma har yau ban yi nadamar wannan ba, domin sadaka ba ta faɗuwa ƙasa. Amma wani dattijon ɗan dako ya girgiza kai, ya ce duk wanda mamaci ya yi gaba ya bi shi a mafarki, to, kiransa ake yi. Wannan magana ta zauna mini a ƙirji kamar dutse. Na daina cin abincin kirki, in dare ya yi ina tsoron rufe ido, har aiken da maigidana ya yi mini zuwa Zariya na nemi a tura wani, saboda tsoron hanya. Na sayi ƙaramin littafin fassarar mafarki irin wanda ake bajewa a ƙofar masallaci, na tarar an rubuta cewa in mamaci ya ba ka abu alheri ne, in ya karɓa daga hannunka akasin haka ne. To, ni Iya ba ta ba ni ba, ba ta karɓa ba, kwano kawai ta nuna mini, shi ma babu komai a ciki. Littafin bai ƙara mini komai ba sai ruɗani, kuma ina jin zafin yadda ake sayar wa mutane tsoro da 'yan kuɗi kaɗan, a jingina shi ga sunan malaman da suka fi kowa taka-tsantsan a wannan fanni.

Wanda ya fitar da ni shi ne wani tsohon malami da yake ba da karatu a zaurensa bayan sallar asuba. Na jira har ɗalibai suka watse, na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam, mafarki na yi da kakata, an ce mini mutuwa zan yi." Ya dube ni, ya ce, "Wa ya ce? Shi an sanar da shi ranar tasa?" Daga nan ya fara da yi mini faɗa a kan yaɗa mafarkin, domin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koyar da cewa mafarki mai daɗi sai a faɗa wa masoyi, wanda kuwa ya tayar da hankali sai a yi tofi a hagu sau uku, a nemi tsarin Allah daga Shaiɗan, a juya kwanciya, kada a faɗa wa kowa. Ya ce a hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, mafarki iri uku ne: akwai bushara daga Allah, akwai tsoratarwa daga Shaiɗan, akwai kuma zancen zuci, wato abin da mutum ya wuni yana saƙawa ya kwana da shi. Na ƙwarai a cikinsu kashi ɗaya ne daga kashi 46 na annabci, shi ya sa da aka tambayi Imam Malik ko kowa zai iya fassara mafarki, ya amsa da tambayar ko annabci ne za a yi wasa da shi.

Na nuna masa littafin da na saya, ya juya shi ya ajiye. Ya ce Muhammad bn Sirin, wanda ya rasu a Basra a shekara ta 110 bayan Hijira, ba ya fassara mafarki sai ya dubi mai mafarkin. An ruwaito cewa mutum biyu sun zo masa, kowanne ya ga yana kiran salla, ya ce wa na farko zai yi aikin Hajji, ya ce wa na biyu za a kama shi da sata, domin a aya ta 27 ta Suratul Hajji an yi shela ta kira zuwa Hajji, a aya ta 70 ta Suratu Yusuf kuwa mai shela ya kira ayari da ɓarayi. Mafarki ɗaya, mutane biyu, fassara biyu. Saboda haka, in ji Malam, ba zai ce komai a kan nawa ba sai ya san ni, ya san Iya.

Sai ya shiga yi mini tambayoyi. Da ya ji ban samu jana'izarta ba, ya ce wannan kaɗai ya isa ya sa zuciya ta riƙa dawo mini da ita, kuma babu laifi a cikin haka. Da ya ji sana'arta, sai ya gyara zama, ya tambaya ko an raba gadonta. Na ce an raba, 'yan awaki ne da kwanuka da zannuwa. Ya ce, "An yi cigiyar bashi?" Na ce an yi, kamar yadda aka saba, bayan an idar da salla liman ya ce duk mai bin marigayiya bashi ya zo ya sami Baffa, kuma babu wanda ya zo. Malam ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, a ƙofar gida aka yi wannan cigiya, a tsakiyar maza. Ita kuwa da wa take cinikinta?"

Ban taɓa tunanin wannan ba. Duk hada-hadar Iya da mata take yi, matan da suke cikin gidajensu, masu aiko yara da kaya a kwarya, ba sa fitowa sallar jana'iza, kuma ko labarin cigiyar ya kai musu, kunya ba za ta bar su su aiko gidan makoki neman 'yan kwanonin gyaɗa ba.

Malam ya ja kunnena cewa mafarki ba ya tabbatar da hukunci, ba a karɓe dukiyar magada saboda wani ya yi barci ya ga wani abu. Amma ya ba ni labarin sahabi Sabit bn Ƙais, wanda ya yi shahada a yaƙin Yamama zamanin halifancin Sayyidina Abubakar. Wani mutum ya gan shi a mafarki yana faɗa masa cewa an ɗauke sulkensa an kifa tukunya a kansa a ƙarshen sansani, yana kuma lissafa bashin da ake binsa. Da aka sanar da Khalid bn Walid, sai ya aika aka duba, aka sami sulken yadda aka kwatanta, sannan aka zartar da sauran. Ya ce in lura, sai da aka je aka duba a farke. Ya karanto mini hadisin Tirmizi cewa ran mumini yana rataye da bashinsa har sai an biya masa, ya tuna mini cewa a Suratun Nisa'i an ce ba a rabon gado sai bayan an fitar da wasiyya da bashi. Game da bin bayanta da na yi kuwa, ya ce ajali a hannun Allah yake, in ji tsoronsa a farke, abin da na gani a barci ba zai cuce ni ba.

Ranar Asabar na tafi gida. Baffa bai ji daɗin maganar ba da farko, ya ce yanzu mafarkin yaro za a bi a tayar da abin da aka rufe? Goggo ce ta kama hannuna ta kai ni ɗakin Iya, wanda aka mayar wurin ajiyar hatsi. Ta janye wani buhu daga bayan ƙyaure, sai ga lissafin Iya a jikin bango. Ba ta iya boko ba, ba ta iya ajami ba, da gawayi take zana layi ɗaya ga kowane kwano, in ta biya ta shafe da tafin hannu. Bangon duk ya yi baƙi da shafe-shafen shekaru, amma can ƙasa akwai layi shida a jere, ba a taɓa su ba. Na san wannan bango tun ina rarrafe, kuma a cikin ɗakin na kwana lokacin zaman makoki, don haka ba na musun cewa idona ya iya ɗaukar layukan ya ajiye mini su har hunturu. Da na faɗa wa Malam haka daga baya, ya ce ko ta wace ƙofa tunatarwar ta shigo, Allah ne ya turo ta.

Goggo ta tuna wata yarinya da take kawo gyaɗa daga unguwar gabas kafin ciwon Iya ya tsananta. Muka bi sawu har gidan wata tsohuwa, ƙawar Iya tun suna amare. Na gaishe ta, na ce, "Inna, ko akwai wani abu tsakaninki da Iya da ba a warware ba?" Ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka mai tsawo, sannan ta ce kwano shida ne, na gyaɗar da ta adana don sayen maganin ido, amma da wane baki za ta tambayi wadda ta riga ta tafi gidan gaskiya? Ban faɗa mata adadin layukan ba kafin ta ambata.

Baffa da kansa ya auno kwano shida daga rumbunsa, ya hana ni biyan ko sisi, ya ce uwarsa ce. Tsohuwar ta karɓi biyar, ta turo mana na shidan, ta ce Goggo ta yi ƙuli-ƙuli da shi a raba wa yara ladan ya kai wa ƙawarta. Ranar Juma'a aka soya shi a murhun Iya, ƙamshin ya cika gidan kamar tana nan, kuma a daren na yi barcin da na yi wata guda ban yi irinsa ba.

A wannan zuwan ne Baffa ya kira ni zaure ya ce lokaci ya yi da zan ajiye iyali, kuma daga nan zan ɗora a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.