Bairos ɗin da ke zaune a hanjinmu

Yawancin ƙwayoyin bairos da ke zaune a hanjin ɗan Adam bakteriya suke farauta, shi ya sa masana ke kiransu bakteriyofaj, wato masu cin bakteriya. Wasunsu kan maƙale a majinar da ta lulluɓe bangon hanji su kashe bakteriyar da ke neman kutsawa, su rage wa garkuwar jiki aiki. Ni kuwa batun kwalara ne ya fi ɗaure mini kai, domin a 1996 aka gano cewa bakteriyar da ke jawo amai da gudawa ba da dafinta ta samo asali ba. Wani bairos mai suna CTX ne ke shiga cikinta ya dasa mata ƙwayar halittar dafin.