Kwana casa'in da na ƙirga ba daidai ba

A farkon Fabrairun 2023 na yi wa wani mai buga littattafai alƙawarin miƙa masa ƙagaggen labarina a ƙarshen Afrilu. Kalmomi 45,000, kwana kusan 90. Na raba a takarda, ya kama 500 kowace rana, na ce ai wannan tsakanin la'asar da magariba ma na gama shi. Ƙannena masu sha'awar rubutu, a nan na fara kuskure, tun ban rubuta harafi ɗaya ba.

Kwanakin kalanda na ƙirga, ban ƙirga waɗanda suke hannuna ba. A watan ne aka shiga ƙarancin takardun naira, mutum ya wuni a layin banki ko wajen mai POS. Ga zaɓen shugaban ƙasa ranar 25 ga Fabrairu, ga na gwamnoni 18 ga Maris. Kafin a huta Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata, muka tashi da azumi ranar 23 ga Maris, cikin zafin Sakkwato da ke haura digiri 40. Wadda ke da girkin buɗa-baki da na sahur a wuyanta ta san abin da ke rage mata na ƙarfi. In ka cire matsalar kuɗi, babu ɗaya da ya zo mini ba zata. Da na zauna na cire su tun farko, da na ga kwana 50 ne nawa, da kuma na roƙi wata huɗu. Kafin ku ce "to" ga kowane wa'adi, ku fara cire azumi, Sallah, biki, jarrabawa da kwanakin rashin lafiya.

Amma babbar ɓarnar daga waya ta zo. A cikinta nake rubutu, a cikinta kuma WhatsApp da Facebook suke. Ina tsakiyar jimla, jarumata na gab da faɗa wa mahaifinta gaskiya, sai saƙo ya leƙo daga saman allo. In ce bari in duba ɗaya. Kafin in dawo an kira isha'i, wayar ta yi zafi a tafin hannuna, caji saura kashi 9, ga shi babu wuta. Abin da ya fi ciwo shi ne muryar yarinyar nan da nake ji a kaina ta gudu, sai in yi kwana biyu ina nemanta.

Wani dare a tsakar gidanmu da ke Mabera Inna ta dube ni daga kan tabarma ta ce, "Ke ɗiyag ga, tun ɗazu kina ta taɓa wayag ga kina dariya. Shi ne littafin?" Ban iya ba ta amsa ba. Washegari na sayi littafin rubutu mai warƙa 80 da biro biyu. Na riƙa miƙa mata wayar bayan sahur, ta sa a ƙarƙashin matashinta, ni kuma in zauna daga sallar asuba zuwa ƙarfe 8, lokacin da gari bai ɗau zafi ba kuma yara ba su tashi ba. Shafi biyar, wani lokaci shida. Da daddare in kwafe a waya da data a kashe, in na gama in kunna in tura wa kaina ta imel don kar ya ɓace.

Sai kuma gyara. Mako uku na ɓata ina goge babin farko ina sakewa, daga baya labarin ya juya, babin ma ban yi amfani da shi ba. Yanzu in wuri ya cije mini, sai in rubuta "a dawo nan" a gefen shafi in wuce. Gyara yana da ranarsa, bayan labari ya kai ƙarshe.

Ana saura mako biyu na kira mutumin na ce, "Malam, ba zan cika alƙawari ba, ina neman afuwa." Ya ƙara mini kwana 20, ya ce da na bari sai ranar da bai iya ba. Na miƙa aikin a watan Mayu. Babi uku na ƙarshe a guje na rubuta su, mutuwar uban da ta kamaci shafi goma na tattare ta a shafi biyu, kuma har yau in na buɗe littafin wajen nake tsallakewa.