Godiya bayan wata 7: mun karɓi makulli, kati ma ya fito

Assalamu alaikum jama'a. Tun shekaranjiya nake ɗauko waya in rubuta wannan abu sai in sake ajiyewa, don ban san ta ina zan fara ba, kuma ina tsoron kar in tsallake wani. To yau dai yara sun tafi makaranta gidan ya yi shiru, bari in yi. Alhamdulillah ranar Litinin katin izinin zamanmu a ƙasar da muka zo ya fito, ni da maiɗakina da yaranmu biyu, kuma yau sati 3 kenan muna kwana a gidan da sunanmu ne a takardar hayarsa. Wata 7 cif muka yi kafin mu ga wannan rana.

Kafin mu taso ni duk a zatona biza ce wahalar, da zarar an buga maka ita a fasfo shikenan ka haye. Ashe nan ne ma aka ɗaura ɗamarar. Abin da ya fara kwantar min da gaba a satin farko shi ne wani zagaye da babu wanda ya taɓa ba ni labarinsa: ka je neman gidan haya mai gida ya ce kawo takardar albashi ta wata 3 da shaidar kana da asusu a banki, ka je banki su ce kawo shaidar adireshi, ka je wajen aiki su ce ina lambarka ta haraji da asusun da za a zuba maka albashi, ita kuma lambar sai an aiko maka da ita ta wasiƙa, wasiƙar kuma sai da adireshi. Wallahi akwai ranar da na shiga ofis 3 tsakanin safe da la'asar, ko'ina an karɓe ni da fara'a, ko'ina an ce in je in dawo da takardar da ɗayan ofishin ya hana ni. Na zauna a tashar bas ina kallon fayil ɗin hannuna, ban san sanda hawaye suka zubo ba, namiji da ni.

Wanda ya tsinka mana wannan igiya shi zan fara yi wa godiya. Yaya, na san ba ka son a ambaci sunanka don haka ba zan ambata ba, amma kai ka san kanka. Mutumin nan ba dangin iya ba na baba, a wajen wani taro kawai muka haɗu ya ji muna biyan ɗakin kwana kullum kuɗin guzurinmu na zagwanyewa kamar gishiri a ruwa, ya ce mu tattaro. Kuma ba ɓoye mu ya yi ba, shi da kansa ya je ya samu mai gidansa ya yi masa bayani, aka rubuta a takarda cewa muna zaune a nan, da wannan takarda muka yi rajistar adireshi. Na tsaya a kan wannan ne da gangan saboda akwai masu sayar da adireshin ƙarya ga sababbin zuwa, an yi min tayi har sau 2, Yaya ne ya ce kul, ranar da aka gano kai za a kama da laifi ba su ba. Wata 4 da kwana 9 muka yi a falonsu. Anti matar Yaya kuma, ke ce kika fi kowa ɗaukar nauyin, yara huɗu a ƙaramin gida, layin banɗaki da asuba, ga naki aikin dare, amma ko sau ɗaya ban ga kin ɓata rai ba. Allah Ya saka miki da Aljanna, Ya raya miki zuri'a.

Sai maganar akwatin wasiƙa, wadda har yanzu in na tuna sai in yi dariya in kuma ji haushin kaina. Mun jira wasiƙar da za ta faɗa mana ranar zuwa ɗaukar hoton yatsu, sati 2, sati 4, shiru. Ashe an aiko ta an mayar, don sunanmu ba ya jikin akwatin, mai raba wasiƙa ya duba bai ga sunan ba ya koma da abarsa. Ranar ta wuce ba mu sani ba, aka sake ba mu wata bayan sati 9. Ɗan guntun farin tef da biro, abin da ya ci mana wata biyu kenan.

Ba mu gama da wannan ba sai ga matsalar suna. Sunan mahaifina a fasfo ɗina da O aka rubuta shi, a takardar aurenmu da U, a takardar haihuwar babbar 'yarmu kuma an ninka harafi ɗaya. A wajenmu ai suna ɗaya ne kowa ya sani, amma ma'aikaciyar ta jera takardun uku a tebur ta sa bakin biro a kan kowanne ta ce min a idon kwamfuta waɗannan mutum uku ne. Gaskiya a lokacin na ji zafinta, yanzu kam na gane aikinta take yi. Ƙanena da ke gida shi ya yi ta zirga-zirgar rantsuwar kotu da buga hatimi da aikowa, a nan kuma aka ce sai mai fassara da hukuma ta amince da shi ya fassara, ba kowane mai jin yaren ba. Ƙanena, na san ka bar harkokinka kwana da kwanaki saboda ni, ban manta ba. Duk mai shirin tasowa don Allah tun kana gida ka baje takardunka a tabarma ka bi su harafi bayan harafi, har ranar haihuwa, don wasu ƙasashen irin su Amurka wata suke fara rubutawa kafin rana, 03/04 ɗinka sai ta koma wata rana daban.

'Yan guruf ɗinmu na WhatsApp kuma ban san da wane baki zan gode muku ba. Kowa yana wata ƙasa amma duk tambayar da na jefa ko ƙarfe 2 na dare ne sai wani ya amsa. A nan na gane ciwon ɗaya ne, suna kawai yake canzawa. Na Jamus ya ce su sati 2 doka ta ba mutum ya yi rajistar adireshi bayan ya tare, na Kanada ya ce shi ma sai da ya samu lambar SIN, wato lambar da hukuma ke ba mai aiki, aka fara biyansa yadda ya kamata, ta Ingila ta ce tasu National Insurance ake ce mata. Su ne suka ce in bincika iyakar kuɗin ajiya da doka ta yarda mai gida ya karɓa, don a Jamus ba ya wuce hayar wata 3, a Ingila kuma tun 2019 yawancin gidaje ba ya wuce ta sati 5. Kuma su ne suka hana ni tura kuɗi ga wani da ya sa hotunan gida mai kyau a intanet da araha, wai ya yi tafiya in biya zai aiko da makulli. Saura ƙiris. Har na buɗe manhajar banki wata baiwar Allah a guruf ta kira ni, ko sallama ba ta gama ba ta ce Malam gidan da ba ka shiga da ƙafarka ba kar ka ba da ko sisi.

Akwai kuma maƙwabciyarmu, wata dattijuwa 'yar ƙasar, ba addini ɗaya ba yare ɗaya. Daren da ƙaramin yaron ya yi zazzaɓi mai zafi har yana fizge-fizge, katin inshorar lafiyarmu bai iso ba, ni kuma kaina ya kulle ko lambar gaggawa na kasa tunawa, ƙofarta na buga da tsakar dare. Ta fito da rigar barci, ta kalli yaron sau ɗaya ta ɗauki waya, ta bi mu har asibiti tana yi mana tafinta da hannu da ido da 'yan kalmomi, ba ta koma gida ba sai da gari ya waye. Washegari ta rubuto lambar a kwali da manyan baƙi ta manna mana a jikin firij. Ku ma ku rubuta taku, 112 a ƙasashen Tarayyar Turai, 911 a Amurka da Kanada, 999 a Ingila. Ba za ta iya karanta wannan saƙo ba amma maiɗakina ta ce za ta fassara mata da ɗan abin da ta koya.

Aiki kam har yanzu ba wanda na karanta nake yi ba. Shekara 11 ina aikina, na zo nan aka ce sai an tantance satifiket ɗina tukuna, yana can a layi, ni kuma ina ɗaga kwali a sito daga dare zuwa asuba. Ban raina ba wallahi, shi ya ba ni takardar albashin da na kama gida da ita. Wanda ya kai ni wajen kuma ya tsaya min, na gode. Lasin tuƙi ma sai na sake, na waje ɗan lokaci yake aiki, wata 6 a Jamus, wata 12 a Ingila, kowace ƙasa da nata.

Maiɗakina, Maman yara, ke na bari a ƙarshe don taki ta fi ƙarfin rubutu. Ni ina fita ina ganin mutane, ke kina cikin gidan mutane da yara, duhu na yi tun kafin yamma ta yi, babu 'yar'uwa babu ƙawa, kuma kullum na dawo sai ki ce min lafiya lau. Sai daga baya Anti ta faɗa min kukan da kike yi in na fita. Yanzu ga shi kin gama matakin farko na koyon yaren ƙasar, A1, kin shiga na biyu, A2, ke ce ma kike karanta mana wasiƙun makaranta.

'Yan'uwa na gida da kuka kira ban ɗauka ba, ko kuka yi zaton na samu wuri na manta da ku, ku yafe min, kunyar faɗa muku halin da ake ciki ce ta hana ni.

Katifu biyu da hita da rigunan sanyi na yara da aka ara mana, masu su sun ce kar mu dawo da su, mu miƙa wa na baya. Suna nan a wanke a ɗaure. Wanda ya san wani sabon zuwa da ke buƙata ya yi min magana ta akwatin saƙo, ranar Asabar ba na aiki zan iya kai masa, in kuma fom ne ya gagare shi ya zo da shi mu cike tare.